Muna da 'yan wasan eshek a Tahoua, amma mai ɗaukar nauyi ya gagara

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Tahoua. Akwai matasa wajen 20 da ke buga eshek, wanda a Najeriya ake ce wa ces, a fadarmu, da allo 4 kacal. Mun kai takardar neman tallafi wuri 3, har yau shiru. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin don mu kai ga gasa ta gaske?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan ƙoƙari. Shirun da kuka ji bai ba ni mamaki ba. Ɗan kasuwa ba ya sa kuɗinsa a abin da bai gani da ido ba, ku kuwa takarda kuka kai masa. Shawarata ku jingine neman tallafi na wata 6, ku fara gina abin da za ku nuna.

Ku fitar da wasan daga fada. Fada wurin shayi ne da hira, uba ba zai tura ɗiyarsa can ba, kuma yaro ɗan shekara 10 ba zai zauna cikin manya ba. Ku nemi aji guda a lise ɗinku ko ɗaki a gidan matasa, ku tsayar da rana ɗaya a mako wadda ba ta motsi, ko mutum 3 ne suka zo. A samu littafi a riƙa rubuta suna, da wanda ya buga da wane, da sakamako.

Sai gasar wata-wata, kuma nan ne na fi son ku natsu. Kada ku yi ta sili ɗaya ƙwale, domin yaron da ya faɗi a karon farko zai kama hanyar gida, ƙila ba ya sake dawowa. Ku bi tsarin Suwis: ba a fitar da kowa, nasara maki 1, canjaras rabi, a kowane zagaye ana haɗa masu maki iri ɗaya, kuma mutum biyu ba sa karawa sau biyu. Da 'yan wasa 16 da allo 8, zagaye 5 sun isa. A ba kowa minti 15, a ƙara masa daƙiƙa 10 bayan kowane motsi, za ku fara da hantsi ku gama kafin la'asar. Agogon gasa yana da tsada, amma akwai manhajarsa kyauta a waya. Na ga yarinya 'yar aji 6 ta sha kashi sau 4 a jere, a zagaye na 5 ta kafa doki ya kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda. Da aka tashi ta ƙi sakin takardar sakamakon, ta naɗe ta a bakin mayafi.

Ku mutanen Ader kuna da abin koyi a ƙofar gida. A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma ƙarfinta shi ne kowace jiha tana tace 'yan kokowarta kafin a haɗu neman takobi. Haka za ku yi: ku nemo masu bugawa a Ƙonni, Madawa da Illela, da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, a riƙa karɓar baƙunci bi da bi.

Nijar ta shiga hukumar eshek ta duniya, FIDE, a 2021. Ta hannun hukumar ƙasa ake rajistar gasa don ta shiga lissafin maki na Elo, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, kuma sabon ɗan wasa yana bukatar aƙalla wasa 5 da masu maki kafin ya samu nasa. Don haka ku sanar da ita kulob ɗinku tun yanzu, ku gayyato masu maki daga Yamai.

Idan wata 6 suka cika, ku koma wurin 'yan kasuwa da littafin nan da hotuna. Kuma kada ku ce kuɗi. Kamfanin sufuri ya ba ku kujera 4 zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, ita ce ke karya yawancin kulob na jihohi. Mai shago ya sayi allo 10 a rubuta sunansa. Mai gidan abinci ya ɗauki abincin rana. Na taɓa shirya gasa inda wani kamfani ya ba mu kuɗi masu kauri, muka zuba su a rumfa da kyautar zakara. Shekara ta zagayo ba mu da allo ko ɗaya da ya ƙaru, kamfanin kuma bai waiwaye mu ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Tallafi mai ɗorewa ya fi mai yawa. Gasar Wijk aan Zee ta Holan ta faro a 1938 a matsayin wasan ma'aikatan wani kamfanin ƙarfe, kuma har yanzu masana'antar ce ke riƙe da ita da sunan Tata Steel. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa eshek a Ikorodu ta Legas a 2018, ba tare da wani babban mai gida ba, daga baya duniya ta san shi. Ku ma ku roƙi alkawarin shekara 3, ko da ƙarami ne, a rubuce. Bayan kowace gasa ku kai wa mai tallafin takarda shafi ɗaya: yara nawa suka zo, mata nawa, me aka kashe, tare da hoton allon da ke ɗauke da sunansa.