Shin saponin ɗin aduwa yana maganin ciwon daji?

Malama, kin ce an ba ki shawarar ki jiƙa wa mahaifiyarki ɓawon aduwa saboda yana ɗauke da saponin, wai yana kashe sankarar mama. Allah Ya ba ta lafiya.

Saponin ɗin gaskiya ne. Shi ne sinadarin da ke kawo kumfar nan da ke tashi idan aka kaɗa ɓawon a ruwa, shi ya sa mutanen ƙauye ke wanki da shi. Aikinsa shi ne ya manne wa kitsen da ke jikin fatar ƙwayar halitta ya huda ta. A ɗakin gwaji an ga yana kashe ƙwayoyin ciwon daji haka, amma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ma. Ba ya tantancewa, kuma ba a tabbatar ya warkar da mutum ba.

Inda ya yi suna shi ne farkar da garkuwar jiki. Saponin na wata bishiyar ƙasar Chile, Quillaja, yana cikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi a Disambar 2024, amma tatacce ne, kuma ɗan mitsitsi ake sawa.

Don Allah kada jiƙo ya sa ku jinkirta asibiti. Duk abin da take sha, ku faɗa wa likitanta.