Tsofaffin kaset-kaset na punk masu hayaniyar nan, me ake nema a cikinsu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni dai kwanan nan na shiga sauraron kiɗan punk, wato kiɗan rock ɗin nan mai sauri da hayaniya, na shekarun 1970, sai na ga mutane a YouTube suna ta zuzuta wasu rikodin da aka ɗauka a wajen wasa, na kunna wallahi ba abin da nake ji sai ihu da ƙara, muryar mawaƙin ma da ƙyar take fita. Akwai wani abu a ciki ne ko dai son tsohon abu ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, da yawansu sautinsu ba daɗi, wani ne cikin 'yan kallo ya ɓoye ƙaramar rikoda a riga yana tsaye kusa da lasifika, to me kake tsammani zai fito. Amma abin da ya sa muke riƙe da su shi ne ƙungiyoyin nan ba su da tsawon rai, kafin su kai ga situdiyo wasu sun watse wasu sun canza mutane, kuma furodusa ya gyara abin da ya rage.

Ɗauki Sex Pistols, ƙungiyar punk ta Landan. Faifansu ɗaya tal na situdiyo ya fito a Oktoban 1977, lokacin Glen Matlock mai kaɗa bes (jita mai kaurin sauti), wanda da shi aka rubuta yawancin waƙoƙin, ya riga ya bar su tun watan Fabrairu. Sid Vicious da ya maye gurbinsa bai iya ba, don haka Steve Jones mai jita shi ya kaɗa bes ɗin kusan duka, sannan aka yi ta jibga jita a kan jita har sautin ya yi kauri kamar katanga. Faifan ya yi kyau, ban musa ba, amma ba haka mutum huɗun nan suke ba a 1976. In kana son ka ji su da Matlock yana yawo da bes ɗinsa, suna ma rera waƙoƙin wasu kamar The Who da Small Faces, sai ka koma waɗannan kaset-kaset ɗin da kake kuka da su. A irin wannan yanayin ne suka yi wasa a Lesser Free Trade Hall ta Manchester ranar 4 ga Yunin 1976, 'yan kallo kusan arba'in ne kawai, amma cikinsu akwai Peter Hook da Bernard Sumner da suka je suka kafa ƙungiyar Joy Division, akwai Morrissey da daga baya ya zama sanannen mawaƙi, kuma waɗanda suka shirya wasan su ne suka kafa ƙungiyar Buzzcocks.

Wanda ni na fi so shi ne The Roxy London WC2, faifan ƙungiyoyi da dama da aka ɗauka a kulob ɗin Roxy na unguwar Covent Garden ta Landan a farkon 1977 ya fito a wannan shekarar. Mike Thorne ne ya haɗa shi, kuma bai tsaya kan dandamali kaɗai ba, ya sa makirufo yana ɗaukar hirar 'yan kallo, sai ka ji surutu da gardama tsakanin waƙa da waƙa. Akwai Wire tun ba su da faifai ko ɗaya, akwai The Adverts, akwai Eater da yara ne 'yan makaranta, akwai X-Ray Spex da mawaƙiyarsu Poly Styrene tana tsaga murya, Lora Logic na busa saksofon tana 'yar shekara goma sha wani abu, ita Lora kuwa ba ta kai ga babban faifansu na 1978 ba. Za ka ji ana kuskure ana ci gaba, ganga ta yi gaba jita ta biyo a guje, kuma wannan ɗin shi ne hujjar maganar da ake yawan yi cewa kowa zai iya hawa ya yi. A littafi labari ne, a nan kuwa kana ji da kunnenka. Wanda ya saba da kaset ɗin Shata na wajen biki, inda ake jin guɗa da sunan masu liƙi, ya san bambancin da nake nufi.

Sai na ƙungiyar Stooges ta Amurka, Metallic K.O., da wani ɓangarensa daga wasansu na ƙarshe ne a Michigan Palace ta Detroit cikin Fabrairun 1974, wani ƙaramin kamfani na Faransa, Skydog, ya fitar da shi a 1976. Sautinsa ya fi duka muni, amma kana jin kwalabe na fashewa a dandamali, mawaƙinsu Iggy Pop yana tsokanar masu jifan nasa. Samarin Landan sun saurare shi a daidai lokacin da suke kafa nasu ƙungiyoyin.

Amma fa kar ka ɗauka duk abin da aka ce na wajen wasa ne tsarkakakke ne. It's Alive na Ramones, da aka ɗauka a Rainbow Theatre ta Landan daren 31 ga Disamban 1977, waƙa 28 cikin ƙasa da awa ɗaya, Dee Dee mai kaɗa musu bes yana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu su afka ta gaba ba numfashi, shi ne mafi daɗin ji cikinsu duka, sai dai an daɗe ana cewa an sake kaɗa wasu sassansa a situdiyo. Sannan 'yan kasuwa sun yi ta sake buga wasa guda da sunaye daban-daban da kwanan wata na bogi, don haka ka riƙa duba wuri da rana.

Shawarata ka fara da It's Alive kunnenka ya saba, ka wuce Roxy, sannan ka nemi bidiyon wasan Sex Pistols na ƙarshe a Winterland ta San Francisco, 14 ga Janairun 1978, ka ga mawaƙinsu Johnny Rotten durƙushe a gajiye yana tambayar jama'a ko sun taɓa jin kamar an cuce su, ya yar da makirufo ya fita.