Amsa ga ɗan'uwan da likita ya ce a cire wa iyalinsa mama

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya ba iyalinka lafiya, ya sa kaffara ne. Tun daren jiya na karanta tambayarka: an ɗebi tsoka daga kullutun da ke mamanta an auna, an ce sankara ce, likita ya ce sai an yi aiki an cire, dangi kuma sun tsaya kai da fata cewa daji ba ya son ƙarfe, a kai ta wurin mai magani. Ka nemi wanda ya taɓa shiga wannan hali ya yi magana. Ni na shiga, a nan cikin Katsina, kuma har yau maman yarana tana kan shan magani.

Mu mun bi maganar dangi, wata huɗu cur. Ita kanta ta yi makonni tana jin abin kamar ƙwallon dabino ba ta faɗa ba, saboda kunya, kuma tunda ba ya ciwo. Da ta faɗa, sai aka fara jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da hayaƙi. Muna cikin haka kullutun ya kai girman ƙwai, fatar wajen ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, kaluluwa ta fito mata a hammata. Ranar da muka koma asibiti likitan bai yi mana faɗa ba. Takardar awon farko ya duba, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya yi shiru. Wata huɗun nan ni na yarda aka ɓata su, kuma ina jin nauyinsu har gobe.

Na fahimci inda maganar ƙarfen ta samo asali. Yawancin matanmu ba a kai su asibiti sai ciwon ya fashe, ya riga ya bi ta kaluluwar hammata ya isa ƙashi ko huhu ko hanta. A yi aiki a makare, mace ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Alhali tun kafin wuƙar ya yi nisa. Ban ce ka bar addu'a ba. Mu ba mu bar ta ba ko kwana ɗaya, da tofi da zamzam duk mun yi. Amma duk wani jiƙo da za ta sha, a sanar da likita tukuna, domin maganin asibitin da hanta da ƙoda yake aiki, kada a haɗa musu kaya biyu.

Yadda na shawo kan dangi kuwa, gardama ba ta yi min amfani ba. Yayanta namiji na ɗauka, wanda ya fi kowa zafi a kan batun, na shiga da shi ɗakin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Shi ya koma ya lallashi Hajiya. Kai ma ka riƙa shiga ɗakin nan da littafi da biro, kada ka tsaya a baranda. Ka tambayi matakin da ciwon yake. Ka tambaya ko an auna tsokar an ga irinsa, don akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, akwai mai HER2, wato wani sinadari da ke sa ciwon saurin girma, kowanne da maganinsa. Ka tambaya ko za a iya cire kullutun kaɗai a bar maman, domin wasu ana yi musu haka. Mu mun wuce wannan matakin, sai da aka fara da kemo, wato maganin sankara da ake ƙarawa ta jijiya, don ya motse kafin aiki. Kuma kafin ka ce wa likita to, ka zauna da ita ku biyu. Jikinta ne, ita za ta sa hannu.

Kemo duk bayan kwana 21 aka riƙa yi mata, kuma kowane zagaye sai an auna jini. Ɗaya daga cikin ruwan da aka sa mata ja ne, fitsari ma ja yake fitowa na kwana ɗaya ko biyu, kada hankalinku ya tashi. Kwanakin farko amai da kasala. Ƙamshin turaren wuta da take so ya koma maƙiyinta, warin daddawa da suya ma haka, sai da aka mayar da girki can ƙarshen gida. Kunun tsamiya da kunun gyaɗa da farfesu marar yaji su suka riƙe ta, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nonon talla muka daina saya, sai madarar da aka tafasa. Daga kwana na bakwai zuwa na sha huɗu garkuwar jiki take faɗuwa ƙasa. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye, in ya kai 38 ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya shan farasitamol a gida. A waɗannan kwanaki na sha baƙin jini wajen 'yan dubiya, don a zaure nake tare su in karɓi gaisuwa in isar. Ka san mu Katsinawa da zumunci, wasu sun ji haushi. Na gwammace haushinsu da a shigo mata da mura.

Duk wannan likita ko nas za su iya faɗa maka. Abin da ba za su faɗa maka ba shi ne wanda ya sa na zauna rubutun nan.

Mako biyu da wani abu bayan kemo na farko, gashinta ya fara biyo mataji. Ta daina zuwa kitso, ta koma kwana da ɗankwali. Bayan aiki kuma sai ta daina canza kaya in ina ɗaki. Ni a zatona ciwo ne da gajiya. Ashe wata gwaggona ta zo dubiya, ta ce a tsakar gida, da murya yadda kowa zai ji, ya kamata in ƙara aure a samu mai riƙe gida. Wani dare na farka na same ta zaune tana kuka ba sauti. Ta ce min in zan yi auren ba za ta hana ni ba, amma in bari ta gama magani. Wallahi ban taɓa sa abin a raina ba, amma ban taɓa buɗe baki na gaya mata hakan ba, na ɗauka ta sani. Ba ta sani ba. Mu maza mun iya biyan kuɗin magani, faɗin irin wannan magana ce take yi mana nauyi. Ka faɗa mata tun yanzu, kafin aikin, a sarari, cewa kana nan. Ƙarin aure halas ne, babu mai musu, amma mutumin da zai kawo zancensa matarsa tana kwance da robar da ke tsiyayar da ruwa a ƙirjinta, ni ban ga tausayi a tare da shi ba. Ka toshe wannan ƙofar a wajen danginka da kanka, kada ka bar ta da su.

Washegari na ce ni zan riƙa duba wajen ɗinkin. Nas ta koya min yadda ake zubar da ruwan robar a rubuta yawansa. Ranar farko da ta buɗe, ba tabon take kallo ba, fuskata take kallo. Ka shirya wa wannan rana. Tabo ne dogo a kwance inda mama yake a da, kuma zuciyarka za ta buga. Kada ka kau da kai, kada ka yi salati da ƙarfi kamar ka ga abin tsoro. Na sa hannu a gefen wajen na tambaye ta ko yana ja, muka ci gaba da hira. A ranar ta ci abinci fiye da kullum.

Gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura, a Shika muka yi, asibitin koyarwa na ABU Zariya, ta Malumfashi da Funtuwa muke bi. Litinin zuwa Juma'a ake yi har tsawon makonni, don haka sai ka nemi masauki da wanda zai riƙe yara. Zaman gashin 'yan mintoci ne kuma ba a jin zafinsa a lokacin, daga baya ne fatar take yin duhu da raɗaɗi.

Kuɗi za su tafi, ba zan ɓoye maka ba. Na sayar da fegina da babur. Ka tara 'yan'uwanka da nata tun farko ka faɗa musu gaskiya, don tsallake zagayen kemo saboda rashin kuɗi ya fi roƙo ciwo. Akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su. Ka tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya.

Hannun ɓangaren da aka yi aikin yana iya kumbura tunda an cire kaluluwa. An ce mana kada a yi allura ko awon hawan jini a wannan hannun, ta kuma bar daka da ɗaukar bokiti. Azumin shekarar ba ta yi ba, ta rama daga baya. Yanzu tana shan tamoksifen, maganin rage yiwuwar dawowar ciwon, ƙwaya ɗaya kullum, an ce aƙalla shekara 5. Yana sa ta zufa da dare, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa, ku yi wannan maganar da likita tare. Gashinta ya dawo, ya fi na da laushi, har ta koma wajen mai kitsonta.

Kai ma ka samu mutum ɗaya da za ka riƙa sauke wa zuciya. Ni wani abokina ne, bayan isha'i muke zama a dakalin masallaci, wani lokacin ko magana ba na yi.

Kada ku ɗaga ranar da likita ya ba ku. In an tura ku Zariya ka yi min magana ta akwatin saƙo, in kwatanta maka inda muka sauka, sannan maman yarana ta ce in iyalinka tana so za ta kira ta su yi magana mace da mace.