Amsa ga malamar da aka ɗora wa darasin zane ba ko burushi

Wa alaikumus salam, Malama. Ina karanta tambayarki na ji kamar ni ce na rubuta ta shekara 11 da suka wuce. An ɗora miki darasin zane da sana'ar hannu, yara 46 'yan shekara 8 zuwa 11, ba fenti ba burushi, ke ma kin ce ba ki iya zane ba, kuma da kin raba takarda sai rabin aji su ce "Malama ban iya ba." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na ajiye abin da nake yi don in amsa miki. Ki yi haƙuri da tsawon.

Wannan rashin iya zanen da yake damunki, ki gode wa Allah a kansa. Ni na ɗan iya, kuma shi ya cuce ni. Shekarata ta farko, in zana fure a allo in ce kowa ya kwafa. Sai in samu fure arba'in iri ɗaya, wanda nasa bai yi kama da nawa ba kuma ya kife takarda ya haɗa rai. Ina zagayawa ina karɓe fensir daga hannunsu ina "gyara" musu. Ran nan na gama gyara wa wani yaro, na ce ya rubuta sunansa a ƙasa, sai ya turo mini takardar ya ce, "Malama ki sa naki, ai ke kika yi." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, gaskiyarsa ya faɗa. Tun daga ranar ban ƙara ɗora fensir a kan takardar yaro ba. In zan nuna abu, a wata takardar nake nunawa, in gama in ninke ta in sa a aljihu don kada ta zama abin kwafa.

Shi kuma "ban iya ba" ɗin nan, ba ajinki kaɗai ba ne, shekarun ne. Wani malamin zane, Viktor Lowenfeld, mutumin Ostiriya da ya koyar a Amurka, tun 1947 ya kasa zanen yara mataki-mataki: daga shekara 2 zuwa 4 jan layuka barkatai ne kawai, daga baya su fara mutum mai ƙaton kai da ƙafafu biyu, sai wajen shekara 9 ido ya buɗe, yaro ya fara ganin abin da ya zana bai yi kama da na gaske ba. Idon ya riga hannun girma ke nan. A nan da yawa suke ajiye fensir, wasu har abada. To ki ba su aikin da ba a sa ran kowa ya yi shi da kyau. Ki samo hoton abu mai layuka, ko doki ko keke, ki juya shi kai a ƙasa, ki ce su zana shi a hakan. Da yake ba sa ganin doki, layi kawai suke gani, sai su daina zana dokin da ke cikin kansu su bi abin da ke gabansu. In suka juyo takardar za ki ji ihu. Akwai kuma wanda suka fi so: kowa ya fuskanci abokin zamansa ya zana fuskarsa ba tare da ya kalli takarda ba, ba kuma ɗaga fensir. Hanci ya fito a kunne, ido a wuya, a yi ta dariya, ba wanda ya fi wani.

Maganar kayan aiki kuwa, tsohuwar jarida da kwali da ƙyallayen da suka rage wajen ɗinki sun isa zango guda. Ki dama fulawa kofi 1 da ruwa kofi 2, ki zuba gishiri cokali guda, kin samu gam. A yayyaga jarida tsilla-tsilla, yagawa ba yankawa ba, don bakin da aka yaga ya fi kwanciya. Ki gwada za ki ga jarida tana yaguwa sambal ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma tana karkacewa, ki nuna musu wannan tun farko ki huta da ƙorafi. A shafa ɗan mai a bayan kwanon roba, ko a hura balan-balan, a riƙa tsoma takardar ana liƙawa. Amma don Allah kada ki bari su jibga. Shimfiɗa biyu ko uku, a bari ta bushe ƙarau, kwana guda aƙalla, sannan a ƙara. Ni karon farko na bar su suka lafta har bakwai a zama ɗaya, na kuma rufe da leda wai kada ƙura ta hau. Bayan kwana huɗu duk sun yi fumfuna, ajin yana wari. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Wanda ba laifina ba shi ne na biyun, kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Mako biyar muka yi muna sake aikin. Kwanoni, kifaye, tsuntsaye masu ƙafar waya. Da kuɗina na sayi fenti, ba wanda ya ba ni ko sisi. Yaran nan har lokacin tara suke hana kansu wasa su zo su juya kayansu don ɗaya gefen ya sha iska. Akwai wata yarinya mai i'ina, tun da aka fara shekarar ban ji ta haɗa kalma biyar a aji ba, tana can kujerar ƙarshe jikin taga. Ita ta yi zakara. Ta yayyanka ƙyallaye ja da kore ta yi masa wutsiya, ta samo maɓalli biyu baƙaƙe ta sa ido, ɗaya ya fi ɗaya girma, sai ya zama kamar yana harararki. Kowa ya shigo sai ya tsaya a kansa. Har 'yan wani aji suna leƙowa suna tambayar wa ya yi, ita kuma tana sunkuyar da kai tana murmushi. Muka jera komai a bayan aji a kan tebura uku, kowanne da sunan mai shi, saboda ranar Talata iyaye da baƙi za su zo ganin makaranta.

Litinin da safe na buɗe aji na ga wayam. An share tas, an goge teburan, an liƙa wasu hotuna na saye a bango, masu sheƙi, da zaki da giwa da jirgin sama. Na tsaya baki sake. Na fita na samu dattijon da yake mana shara, bai ma bari na yi magana ba ya ce, "Malama, ni umarni aka ba ni." Ya nuna mini bayan gini. Toka ce kawai, sai wayoyin ƙafafun tsuntsayen nan sun yi baƙi sun lanƙwashe. Na durƙusa ina tsince su, ban ma san me zan yi da su ba.

Na je wajen shugabar makarantar jikina yana rawa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta sa hannu a takardu. Ta ce, "Au, wannan tarkacen? Ai na ɗauka bola ce. Iyaye ba sa biyan kuɗi don su zo su tarar da tsohuwar jarida a aji." Na ce aikin yara ne na mako biyar, da sunayensu a jiki. Ta ce to ai sai su sake, ba abin da suka fi shi lokaci, kuma in tabbatar na kawo mata tsarin darasina kafin a tashi. Ko "yi haƙuri" ba ta ce ba. Wallahi da ta ce, da tuni na manta. Bola! Matar da ba ta taɓa shiga ajin ta ga yadda ake yi ba, wadda sau uku na rubuta mata buƙatar fenti tana ce mini a bari sai wani zango.

Abin da ya fi ci mini rai ba ita ba ce ma. Shigowar yaran ne. Suna shigowa kowa idonsa a bayan aji. Maza suka fara hayaniya, wasu mata suka fashe da kuka, ni kuma na rasa bakin magana, don ba zan zagi shugaba a gabansu ba, ba kuma zan yi musu ƙarya ba. Na ce an yi kuskure an kwashe. Ita yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kalli inda zakaranta yake, ta wuce kujerarta ta zauna. Har zangon ya ƙare, in na miƙa mata takarda sai ta karɓa da hannu biyu ta ajiye, ta mayar mini da ita fara fat. Na lallaɓa, na yi wasa, na kawo mata wasu maɓallan, ina! Shekarar da ta biyo an canza mata makaranta. Kuma kin san me? Bayan shekara biyu wasu baƙi suka yaba aikin da wani ajina ya yi, ina tsaye a wurin, shugabar nan ta buɗe baki ta ce ai dama ita ta kawo tsarin amfani da tsofaffin kaya. Na bar ta da Allah.

Na kauce, yi haƙuri. Amma ki ɗauki wannan da gaske: duk abin da ya bushe, ranar ya bi mai shi gida. Wanda dole ya kwana, ki nemi kwali babba ki rubuta a jiki da manyan baƙi, ki kuma je ki gaisa da mai shara ki nuna masa da kanki. Ki ɗauki hoton komai a waya kafin ki fita. Ban da mutane ma, ɓeraye da kyankyasai suna son gam ɗin fulawa.

In kin samu ɗan abin sayen fenti, kada ki sayi mai kala goma sha biyu. Ja, rawaya, shuɗi da fari, shi ke nan, kuma mai tafiya da ruwa. Mai haɗi da mai ba na yara ba ne, sai da sinadari yake wankuwa, ga wari. Ki ɗiga musu a marfin kwalba ki bar su su gano da kansu cewa rawaya da shuɗi suna ba da kore, ja da rawaya ruwan lemo, ja da shuɗi shunayya. Kada ki faɗa musu tukuna! Yadda yaro yake zaro ido in kore ya fito daga inda ba kore, ba ki da abin da za ki saya da shi. Abu ɗaya kawai za ki koya musu: a fara da mai hasken, a riƙa ɗiga mai duhun kaɗan-kaɗan, don ɗigon shuɗi ɗaya yana cinye rawaya mai yawa. Baƙi kuwa ki ɓoye shi sai can gaba, in ba haka ba komai zai koma ruwan kwata. Dama in suka cakuɗa ukun ruwan ƙasa za su samu, ki ce su yi gindin bishiya da shi.

Burushi ba dole ba ne. Soso da aka yanka ƙanana, gefen kwali, yatsa, ganye a shafa masa fenti ta bayansa inda jijiyoyin suka fito a danna a takarda. Ga kuma kyandir fari: su yi zane da shi a farar takarda ba a ganin komai, sannan a shafa fenti mai ruwa-ruwa a kai, sai zanen ya bayyana don ruwa ba ya kama kakin. Wannan na ranar da kika gaji ne, minti talatin za ki samu shiru.

Masu taurin kai da suka rantse ba za su riƙe fensir ba, ki ba su almakashi. Nakan ba su labarin Henri Matisse, babban mai zanen Faransa, wanda bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta yi masa wuya. Sai a shafa masa fenti a takardu, shi kuma yana zaune yana yankawa da almakashi ana liƙa masa a bango, har ya rasu a 1954, kuma waɗannan suna cikin ayyukansa da aka fi sani. In suka ji dattijo ma ya yi, sai su daina ganin yankan takarda wasan 'yan raino ne. Saƙar takarda ma haka, a tsaga ɗaya layi-layi a riƙa zura wata sama da ƙasa. Tsohon abu ne, yana cikin ayyukan da Friedrich Froebel na Jamus ya tsara wa ƙananan yara, shi da ya ƙirƙiro sunan kindagatin, wato ajin raino kafin firamare, a 1840. Daga ita sai ki wuce da su saƙar ulu a jikin kwali da aka tsattsaga bakinsa. Af, ki lura da bahagwai. Kusan ɗaya cikin goma ne, a ajinki ba za a rasa huɗu ba, kuma almakashin dama yana tauna musu takarda ne maimakon ya yanka. Na daɗe ina yi wa wani yaro faɗan ganganci kafin in gane.

Yara 46 ba a ba su fenti a lokaci guda, kada ki gwada. Kasa su gida shida, gida biyu su yi fenti yau, sauran gawayi da almakashi, mako mai zuwa a juya. Kowane gida da mai kula da ruwa, kuma minti goma na ƙarshe na wanki ne ko an gama ko ba a gama ba. Za a kuma yi ta zuwa aron lokacinki, wai a ƙarasa lissafi, ai naki wasa ne. Ni shekara uku ina bayarwa saboda kunya, na ciji yatsa. Ki ce a'a tun karon farko, da murmushinki.

Sai bakinki. Kada ki ɗaga na mutum ɗaya ki ce ku ga wanda ya fi kyau. Kada ki tambayi yaro "mene ne wannan?", ki ce "ba ni labarinsa." Na taɓa yaba wa wata da kyakkyawar akuya, ashe kyanwa ce.

Ba ki faɗa ba ko darasin naki minti nawa ne, da ko akwai ruwa kusa da ajin. In minti 35 ne ki ajiye aikin jarida tukuna, dama gam da share wuri kaɗai za su cinye shi, ki fara da juya hoton nan a mako mai zuwa. Ki dawo ki gaya mana yadda kuka kwashe.