Amsa a kan umarnin kiyaye Idin Ƙetarewa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko umarnin da ke cikin Fitowa 12:14, inda Ubangiji ya ce a riƙa kiyaye ranar Ƙetarewa ta zama idin tunawa daga tsara zuwa tsara, ya shafe mu mu Kirista a yau. Na daɗe ina koyarwa a makarantar Lahadi, kuma da wuya Ista ta gabato ba a yi mini irin wannan tambayar ba.

Abin da nake fara nunawa shi ne yadda aka tsara idin. A ranar 14 ga watan Abib, watan fari na shekarar Isra'ilawa, kowane gida yakan yanka ɗan rago bana ɗaya marar lahani, a gasa shi, a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, sannan a yi kwana bakwai babu yisti a gidan. An sa tunawar a cikin abinci ne domin yaro ya ga cimar gidansu ta sauya ya tambayi dalili, aya ta 26 da ta 27 kuwa sun tanadi amsar da za a ba shi, wato cewa Ubangiji ya ƙetare gidajen Isra'ilawa a Masar sa'ad da ya bugi Masarawa. A ganina nan nauyin umarnin yake, domin al'ummar da ta daina ba 'ya'yanta labarin cetonta takan manta da shi. Hakan ya faru, tunda a zamanin Yosiya sarkin Yahuza an shaida cewa ba a yi idi kamar wanda shi ya yi ba tun zamanin mahukunta, masu shugabancin Isra'ila kafin a yi sarakuna.

Game da mu kuwa, Isra'ila aka ba umarnin, har ma baƙo ba ya cin ragon sai ya yi kaciya, kuma taron manzanni a Urushalima bai ɗora wa sauran al'ummai kaciya ba. Yesu ya ɗauki gurasar wannan idin ya ce a riƙa yin haka domin tunawa da shi, wato abin da muke kira Jibin Ubangiji, Bulus kuma ya kira Almasihu ragonmu na Ƙetarewa. Saboda haka yanka rago bai wajaba a kanmu ba.

Abin da ke damuna shi ne, a majami'u da dama ana sallamar yara kafin a ci Jibin Ubangiji, sannan iyaye ba sa yi musu bayani a gida. Idan kana da 'ya'ya, ka karanta musu Fitowa 12 da Luka 22 a makon Ista, ka bar su su yi tambayoyinsu.