Ciwon ƙirji da tsakar dare: ba dannau ba ne

Likita, goro yana sa bugun zuciya?

Yana sawa, in an yawaita. Ka rage, musamman da yamma. In bugun bai lafa ba, je a duba ka.

Wata tambaya: Maigidana ɗan shekara 42 ne. Wajen ƙarfe uku na dare ciwon ƙirji ke tashinsa, ya jiƙe da gumi, bayan minti goma ya sake shi. Da rana kuwa noma yake lafiya lau. An yi masa gwajin zuciya, aka ce ba komai. Dangi sun ce dannau ne, ana masa hayaƙi, yana shan ruwan kanwa.

Malama, wannan tambayar ta dame ni. Mai dannau kasa motsi yake yi na ɗan lokaci, ba ya tashi yana dafe ƙirji yana gumi. Abin da kika bayyana ya fi kama da tsukewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, cutar da wani likitan Amurka, Myron Prinzmetal, ya bayyana a 1959. Jijiyar kan matse kanta farat ɗaya, jini ya ragu, sannan ta saki. Yawanci tsakanin tsakar dare da asuba take yi, mutum na kwance. Shi ya sa gwajin rana ke fita lafiya: lokacin jijiyar ta riga ta buɗe.

Taba ce babbar mai tayar da ita, har da shisha. Sanyin hunturu da tashin hankali su ma suna tayar da ita.

Hayaƙin nan fa? Yaya za a rufe mutumin da zuciyarsa ke neman iska a ɗaki da garwashi? Don Allah a daina yau. Kanwa kuma gishiri ne a cikinta, jini take hawarwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun.

Ku koma wurin likitan zuciya, ku faɗa masa lokacin da ciwon ke zuwa. Akwai na'urar da ake maƙala wa mutum awa 24 tana bin bugun zuciyarsa har cikin barci. Akwai magani, irin su amlodipine da diltiazem, da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe. Kada ya ari maganin wani, maganin hawan jini irin propranolol na iya tsananta abin. In ciwon ya wuce minti goma sha biyar, ko ya suma, kada ku jira gari ya waye. A nemi mota a tafi.

Wata tambaya: Tun da na fara amlodipine ƙafafuna ke kumbura. In daina?

A'a, Hajiya. Maganin yakan yi haka. Koma wurin wanda ya rubuta miki ya daidaita shi.