Fitilar sola: gangar jiki ba ita ce matsalar ba

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce za ka fara haɗa fitilun sola na gida, kana tambaya ko ka yi gangar jikin da gora maimakon roba saboda muhalli. Ni mai gyara ne, matattun kaya nake gani a kan teburina kullum, to ta nan zan amsa maka.

Gora ba laifi, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Farantin sola mai gilashi yakan haura shekara 20 yana aiki, ƙwan LED ma yana jimawa. Batir ne ke fara gajiya, sai maɓalli da ramin caji. Galibin fitilun da ake kawo min an like su da gam, batirin kuma an yi masa walda a ciki. Kafin ka kai gare shi ka fasa murfi. Mai ita ya ji kuɗin gyara ya kusa na sabuwa, sai ya wurga ta bola, faranti lafiya lau, ƙwai lafiya lau. Asarar muhallin ke nan, ko da gorar ka yi ta.

Don haka ka rufe ta da sukuru irin wanda kowane sukurudireba ke kwancewa. Batirin ya zauna a gidansa yadda yaro ma zai zare ya sa wani, kuma girman da ke kasuwa, kamar 18650, wanda mutum zai nema a kasuwar Farm Centre ko ta Sabon Gari a Kano. In jarinka ya kai, ɗauki nau'in batirin lithium da ake kira LiFePO4: ya fi jure zafi da yawan caji, sai dai volt 3.2 yake bayarwa ba 3.7 na batirin lithium da aka saba ba, dole ka daidaita injin cajinka da shi. Kuma don Allah ka raba faranti da batir. Faranti a rana, batir a inuwar ɗaki, waya ta haɗa su. Waɗanda ake shanyawa gaba ɗaya a zafin ranar Afrilu dafa batirin kawai ake yi.

Batirin dalma kuwa kada arharsa ta ja ka. In ya mutu fasa shi ake yi, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar, ita kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Turawa ma hanyar sauƙaƙa caji da canjin batir suka kama. Tarayyar Turai ta tilasta ramin caji na USB-C a wayoyi tun ƙarshen 2024, dokar batir ta 2023 kuma ta ce daga 2027 mai kaya ya iya canja batirinsa da kansa.

Mai saye dai ba zai tambaye ka muhalli ba, tambayarsa ita ce ko za ta kai asuba. Ka yi masa rangwame in ya dawo da tsohon batir, ka tara su wuri guda. In kuma robar ka zaɓa, yi amfani da iri ɗaya tak, kamar PP mai lamba 5, ka buga lambar a jiki don masu narkawa su gane ta. Gorar kuwa sai ka tanadi maganin gara.